Fayil Marar Kunya

Shekarar da na koyi rubuta manhaja, kaina ya kumbura har hula ta daina shiga. Kawuna yana da makarantar Islamiyya a Sabon Birni, sai ya ce in yi masa abin da zai riƙa fitar da takardu: ta sakamako, ta halarta, da ta masu sauka. Ranar Asabar za a yi saukar, a raba wa iyaye takardun.

Kowace takarda na yi mata fayil nata. Sai na yi wani ƙaramin fayil da kowannensu zai jawo cikinsa, aikinsa kawai ya rubuta sunan takardar a sama. Saboda son a sani, na raɗa wa ƙaramin sunana.

Ranar Alhamis na buga su. Kowace takarda, a sama da manyan baƙaƙe, sunana ne zaune daram. Na umarci ƙaramin ya rubuta sunan fayil, shi kuwa bai san kowa ba sai kansa.

Kawu ya ɗaga ta masu sauka, ya dube ni ta saman tabarau. "To, Shehu, yaushe munka sayar maka da makarantar?"

Na koma gida na baje takardun a tabarma ina ta zagin kwamfuta. Inna ta zo wucewa da ƙwarya. Bafulatana ce daga wajen Bafarawa, ni ne ɗanta na fari, don haka tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Kai wanga" take ce mini. Amma ta yi yaƙi da jahilci, tana iya haɗa baƙi.

Ta ɗauki ɗaya, ta ajiye, ta ɗauki wata. "Wagga na'ura ba ta da kunya," in ji ta. "Ni da na haife shi ban faɗa ba, ita ta cika gari da shi."

Cikin fushi na yi mata bayanin da na tabbata ba za ta gane ba.

"Kai wanga, ƙaramin fayil ɗin nan naka baƙo ne hwa a gidan mutane. Mi za ka yi da sunanai? Tambaye shi wa yak kira shi."

Na ji haushi ƙwarai, domin gaskiyarta ce. Akwai inda na'urar ke ajiye sunan fayil ɗin da aka fara buɗewa, shi ne mai gida. Layi ɗaya na canza, kowace takarda ta amsa sunanta. Aka yi sauka lafiya, kawu kuwa har yau Shehu yake kira na don tsokana.

Ɓatattun takardun na ba Inna ta hura wuta. Bara, da muka kwaso kayanta zuwa cikin gari saboda 'yan bindiga, murfin wata tsohuwar kwalla ya faɗi. A ƙasanta na ga ɗaya daga cikin takardun, an naɗe ta tsaf, sunan yana daga ciki. Inna ta karɓe ta mayar da murfin, ta ce in kula da hanya.