Ƙofar da Merv Tonkin Ya Rufe

Shekara talatin Merv Tonkin ya yi yana kula da wata makarantar firamare a garin Whyalla. Shi ke buɗewa da safe, shi ke kullewa da yamma, kuma ba a taɓa samun tagar da ya manta ba. Ba shi da wani abin alfahari da ya wuce wannan. Da ya yi ritaya sai ya sayi tsohuwar jif mai ja da ƙafa huɗu, ya lafta mata tanti da jarkokin ruwa, ya ce da matarsa Glenys za su shiga daji, arewa da garin Marree.

Suna cikin tafiya suka ratsa wani gandun kiwon shanu, irin wanda sai mutum ya wuni yana tuƙi bai fita daga cikinsa ba. Suka tarar da shingen waya, ƙofarsa a wangale. Kowane yaro a ƙasar nan ya san ƙa'ida: yadda ka sami ƙofa, haka za ka bar ta. Merv ma ya sani. Amma ya taka birki.

"Ina kuma za ka?" in ji Glenys.

"Wani malalaci ya bar musu ƙofa a buɗe."

"Ba makarantarka ba ce, tsoho. Shigo mu tafi."

Ya ja ƙofar, ya saƙala sarƙa, har da jijjigawa don ya ji ta kamu.

Suka kafa tanti a bakin wani busasshen rafi, suka yi ta gasa naman rago da shan shayi. An yi zafi ƙwarai a makon nan. Da suka juyo bayan kwanaki, wari ne ya fara tarbarsu, sannan hankaki. Shanu sun taru a jikin shingen, wasu sun kumbura a kwance, wasu na tangaɗi a tsaye. Kwamin ruwansu yana ɗaya gefen, ana hango shi. Ashe da gangan aka bar ƙofar a buɗe.

Wata mata mai faffaɗar hula tana bi da bindiga, tana ƙarasa waɗanda ba za su tashi ba. Ita ce mai gandun, Noelene Krieg. Ta leƙo ta tagar jif ɗin.

"Kun haɗu da wata mota a hanya?"

"Ba mu ga kowa ba," in ji Merv. Gaskiya ya faɗa, amma ta fi ƙarya muni.

"To ku wuce. Ku bar ƙofar a buɗe, don Allah."

Ya ja mota. Glenys ta kafa masa ido. Bai yi nisa ba ya juyo.

"Ni na rufe," ya ce da Noelene.

Ta daɗe tana kallonsa. Ya fara maganar biya, ta katse shi.

"Da me, da wannan akwalar? Tana da igiyar ja?"

"Tana da ita."

"To sauko. Kai za ka ɗaure ƙafafun."

Ya wuni yana jan mushe zuwa rami. Ya yi amai, ba wanda ya ce masa sannu. Da yamma Noelene ta haɗa wa Glenys shayi, shi kuma ta nuna masa famfo.

Bai sake shiga daji ba. In abokansa sun tambaye shi labarin tafiyar, sai ya ce ƙuda sun yi yawa. Bara ya rasu. Glenys ce ta ba ni labarin bayan an binne shi, kuma ba ta sassauta masa ko kaɗan ba.