Matasan Fata Takwas da Turancin Ciniki

Tawa zuwa Ƙonni

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na bar gida, ranar Litinin, a shekarar da soja suka karɓi mulki. Fari ya cinye mu. Ni baduku ne, kuma abin da ya rage mini a duniya matasan fata takwas ne, na jingina, da na ɗinka. Irin geron da muka ɓoye mun riga mun daka shi mun sha. Matata Rabi ta rako ni bakin ƙofa ta ce, "Malam, kome za ka manta, kada ka manta iri."

An ce Anasara masu rabon taimako sun cika Yamai, suna son kayan fata, amma yawancinsu Ingilishi suke yi. Ni ko Faransanci sai gaisuwa.

Na shiga kamiyon albasa, babbar motar kaya, jika biyu har Yamai. Direban, Illa, ya yi shekaru yana aiki a Legas, bakinsa kuwa ba ya hutawa. Kilomita ɗari da ashirin da 'yan kai muka yi zuwa Ƙonni, mushen shanu dama da hagu, har na daina dubawa.

Ƙonni zuwa Dosso

Nan karatu ya fara. Illa ya ce, "Baduku, buɗe kunnenka. Kuɗin kaya firais. Kuɗin mota feya. Ladan aiki caj. In aka ce hawu moc, nawa ake tambaya. Cif araha, esfensif tsada, ragi diskawun. In ka kai ƙarshen magana, ka ce las firais."

Na yi ta bita kamar mai tilawa. A shingen Dogon Dutsi jandarma suka sauke mu, suka kwance kayana ɗaya bayan ɗaya cikin rana, sa'a biyu cur. Da muka wuce na tambayi Illa sunan abin da ya miƙa musu. Ya ce, "Wannan ba shi da suna a kowane harshe, rufe bakinka."

A Dosso muka kwana, a tasha. Fura dala goma, rabinta ruwa.

Yamai

Talata da hantsi muka shigo. Na sauka a unguwar Lazare wurin Kawu Mani, tela. Bayan gidansa kuwa rumfunan mutanen da fari ya koro ne, iya ganinka. Wallahi abincin ranar bai wuce mini ba.

Laraba ƙarfe takwas na baza kaya a unguwar Gaweye, kusa da gadar kogi. Wajen sha ɗaya wata farar mota ta tsaya, wata Ba'anasara ta fito, ta shafa fatar, ta shinshina, ta zagaya da hannu alamar duka take so. "Hawu moc?"

Murna ta kama ni. Jika uku-uku nake nema, sai na ɗaga yatsu tara, wato tara-tara, yadda ubana ya koya mini, don a sami wurin saukowa. Ta ce, "Esfensif." Na ji ta sarai! Na ce albarka, na kau da kai, ina jiran ta taya. Ta yi murmushi, ta juya.

Las firais na nan a kan harshena. Amma a wurinmu wa yake faɗin ƙarshen magana tun mai saye bai yi tafiyar ƙarya ya dawo ba? Na ce a raina, taku biyar za ta juyo. Ina ƙirga takun na ji an rufe ƙofar mota.

Da na ba Kawu labari ya ajiye almakashi. "Kai, ɗan nan! Su ba sa tafiyar ƙarya. In sun tafi sun tafi."

"Gobe zan koma, Kawu."

Na koma kuwa. Na tarar da soja sun hana kowa baza kaya a bakin kogin, wai manyan baƙi za su wuce. Kwana biyu ina zagaye, ba fuska. Ranar Asabar na kai su Babbar Kasuwa. Wani dillali ya dubi idona ya gane yunwa, ya taya jika guda-guda. Na ce albarka sau biyu, ya miƙe zai tafi, na riƙo rigarsa na sallama.

Komawa

Jika biyu na mota. Sauran ya saya mini jar dawar nan ta ƙasar waje, wadda ba a shukawa, ko buhu ba ta cika ba. Irin gero na taya shi, kuɗina bai kai ko kusa ba, na ji kunya na wuce.

Litinin da la'asar na iso Tawa. Rabi ta kwance bakin buhun, ta zura hannu har ƙasa tana lalube, ta ɗago ta dube ni. Ba ta tambaya ba, ta ce sannu da hanya.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Kawu Mani da ya ciyar da ni kwana biyar cikin wannan hali, da Illa da ya koya mini kalmomi takwas bai karɓi ko dala ba. Kalmomin dukansu masu kyau ne, ni ne na riƙe ta ƙarshen a bakina.

Bayan kwana tara ruwa ya sauka, ruwan shuka sosai. Ni da Rabi muka zauna a zaure muna kallonsa.