Haƙorin da Alhaji Mamuda Ya Ajiye Mini

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, 22 ga Afrilu, 1965, Allah ya karɓi ran Alhaji Mamuda mai haƙori a gidansa da ke Dutsin-Ma. Ni kuwa ina hanyar dawowa daga aikin hajji. Kwana uku da rasuwar na sauka tashar mota, wani ɗan kamasho ya tare ni da barka da zuwa, ya haɗa da gaisuwar rashi. A kan akwatina na zauna.

Alhaji, ka tuna yadda na zo maka a 1958? Ina malamin elemantare a Kurfi, keke ya kayar da ni a hanyar Wurma, haƙoran gaba biyu suka zube. Wata huɗu ina koyarwa da hannu a baki, har na rubuta takardar barin aiki na sa aljihu. Akawunmu Cornelius, wanda ka taɓa rufe wa fasasshen turmin haƙori da hular azurfa, shi ya kamo hannuna ya kawo ni zaurenka.

Ka leƙa bakina ka ce, "Malam Hudu, don wannan ɗan wawulon za ka bar 'ya'yan mutane? Buɗe da kyau, ba zakara ne a ciki ba." Ka goge haƙoran gefe biyu da ɗan magagarinka, ka ɗauki awo da kakin zuma. Bayan mako guda ka ɗora musu hular azurfa, sababbin haƙora biyu suna rataye a tsakani. Gada kake kiranta, aikin da ka koya shekara tara da ka yi a Makka. Ran nan na yaga takardar.

Amma sai da muka yi rigima. Ni zinariya nake so, ka ce sam. A ƙasar nan duk wanda aka ga haƙorin zinariya a bakinsa Alhaji za a kira shi, kai kuwa ba za ka sa wa mutum shaidar tafiyar da bai yi ba. Na san wani falke daga Dabawa da ya jawo maka sa guda don ka sa masa, ka ce ya sayar da san ya nemi jirgi. Wallahi na ji haushinka, har na ce maka mai taurin kai. Ka yi dariya ka ce, "Je ka dawo. Da hannuna zan cire azurfar nan in sa maka zinariya."

Shekara bakwai ina riƙe da maganar nan. A Makka masu sa haƙori suka yi ta kiranmu, abokan tafiyata duka suka zauna aka sa musu. Na ce ni nawa yana Dutsin-Ma yana jirana. Da na sani, Alhaji, da ban tsaya kwana biyu a Kano ba, ko da yake lissafi ya nuna ba zan riske ka ba duk da haka.

Da na je gaisuwa, mai ɗakinka Hajiya Hassana ta aiko mini da kwalin ashana, an rubuta sunana da ajami a bayansa. Ashe ba ka yar da awon bakina ba. Tun ranar da muka tashi ka zauna ka ƙera gadar zinariya, kana tari kana gogewa, ka ce a ajiye wa Malam Hudu. An ce akwai mai sa mini ita a Katsina. Na gode, amma ba da shi muka yi alkawari ba. Mutane suna ta tambaya, "Alhaji, ina haƙorin?" Ina ce musu yana aljihu. Ina kewarka ƙwarai, da tsiyar da kake yi mini.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Hassana, da 'ya'yansa Alu da Sakinatu, da duk wanda ya koma tauna tuwo da dariya cikin mutane saboda shi. Allah ya ba mu haƙuri. Ya Allah, bawanka Mamuda ya rufa wa bakunanmu asiri, ka rufa masa nasa, ka yafe kurakuransa, ka haskaka kabarinsa, ka sada mu a Aljanna. Azurfarka tana bakina, Alhaji, da ita za a binne ni. Amin.