Gonar da Baffa Ya Ƙi Saya

Tunda na yi wayo ban taɓa ganin Baffana, ƙanin mahaifina, ya wuce azahar a gona ba. Ko lokacin noman fari ne, da ciyawa ke tsere da mutum, da ya ji ladan ya ɗaga murya zai kakkaɓe fartanyarsa, ya rataya a kafaɗa, ya kama hanyar gida. Mu kuwa muna nan duƙe har la'asar sakaliya. Na yi shekaru ina yi masa kallon rago. Ban taɓa faɗa a gabansa ba, amma na faɗa a bayansa, Allah ya yafe mini.

Gonakinsa biyu ne, ɗaya bayan gida, ɗaya wajen wasu bishiyoyin gawo a hanyar Ɗambatta. Ƙasar tamu a matse take. Iyakar gonarka gamba ce layi ɗaya, bayan gambar gonar wani ce, bayan tasa ta wani, har ka shiga garin gaba ba ka ga daji ba. Ba ma barin gona ta huta. Wadda kakanka ya noma ita kake nomawa kowace damina, don haka in ba ka zuba mata taki ba, ba ta da abin da za ta ba ka.

Baffa ya ɗauki maganar taki kamar ibada. Shi da kansa yake share turken awakinsa kowace safiya, ba ya barin ma kowa. Tokar murhu, ƙaiƙayi, sauran harawar da dabbobi suka tattaka, duk yana da ramin da yake tara su a bayan rumbu. Idan rani ya yi nisa sai ya ɗora wa jakinsa mangala, ya dinga kaiwa gona sau biyu a rana, yana jera tsibi-tsibi. Daga nesa kana gane gonarsa, saboda tsibin nata sun fi na kowa kusa da juna.

Ni abin da na gada gona ɗaya ce, da shanun huɗa biyu, da 'yan awaki. Da an gama kaka sai in shiga mota in tafi Kano, in yi dako a kasuwar hatsi har ruwa ya kusa sauka. Na haura shekara ashirin ina wannan. A can na koyi abin da nake zaton shi ne arziki. Akwai wani Alhaji da nake ɗaukar wa kaya, sito uku gare shi cike da buhuna. Wata rana ina sauke masa masara na ce, "Alhaji, ku dai kun gama da duniya." Ya dube ni kamar na zage shi. Ya nuna mini wani can gaba mai manyan motoci, ya ce, "Ka ga masu kuɗi can. Mu lallaɓawa muke." Kuma da gaske yake. Yana riga mu zuwa kasuwa, abincinsa ma a tsaye yake ci. Ni kuma na ce a raina, in mai sito uku lallaɓawa yake, to mai gona ɗaya fa? Tun daga nan na ƙudurta sai na ƙara gona.

Sai ga dama ta zo. Maƙwabcinmu na gona ya rasu, 'ya'yansa duk sun koma unguwar Bacirawa a Kano, babu mai niyyar dawowa noma. Gonar tana tsakanin tawa da ta Baffa. Kamar yadda ake yi, kafin su kai magana waje sai suka fara taya wa maƙwabtan iyaka, babba tukuna. Ina wurin ranar da Baffa ya je dubawa. Ya zagaya ta a hankali, hannu a baya. Ya tsuguna ya damƙi ƙasa, ya murza, ya sake ta ta zube. Ya ce wa babban ɗan mamacin, "Allah ya ji ƙan mahaifinku. Gona ce mai kyau. Ni dai ba na so."

A hanyar gida na kasa haƙuri.

Na ce, "Baffa, kuɗin ne babu?"

Ya ce, "Akwai."

"To mene ne?"

"Awakina ba za su iya ciyar da ita ba."

Na yi dariya. Na ce yanzu ai zamani ya canza, akwai taki na buhu.

Ya ce, "Akwai. Na buhu yana tayar da gero, ba ya tayar da ƙasa. Kuma duk shekara sai ka je ka durƙusa wa mai shago. Akuya kuwa a gidanka take yi maka, ko godiya ba ta nema." Sannan ya ce, "Na ga idonka a kanta, ɗan nan. In za ka saya, saya. Amma kar ka taɓa turkenka."

Turken kuwa shi na fara taɓawa. Abin da na tara na dako bai kai ba. Na kai shanun nan biyu kasuwar Ɗambatta, mako na gaba na kai awakin, na bar wa maiɗakina tata guda ɗaya don ta ce in na taɓa ta za mu yi rigima. Na biya, aka kira shaidu, mai unguwa ya sa hannu. Ranar na yi tafiya a cikin gari ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Wasu har sun fara ce mini Alhaji da wasa, ni kuma ina amsawa ba da wasa ba.

Daminar farko ba laifi. Tsohuwar gonata tana da sauran ƙarfi, sabuwar kuma na watsa mata na buhu. Sai dai huɗar da nake yi da shanuna yanzu haya nake, kuma mai shanu sai ya gama tasa da ta surukansa kafin ya waiwayo ni. Damina ta biyu buhun ya yi tsada, na raba ɗaya gida biyu. Geron ya fito siriri, ya tsaya iya ƙugu yana kallona. Ta uku sai wuta-wuta ta shigo, ciyawar nan mai furen kyau da ke kama saiwar hatsi ta shanye shi. Duk manomi ya san ba ta son gonar da ta ƙoshi. Ta cika sabuwar, ta tsallaka gamba ta shiga tsohuwar. Gona biyu, dammunan da na ɗaure ba su kai na gona ɗaya a da ba.

Maganin da na sani ɗaya ne, in ƙara aiki. Na dinga tafiya Kano da wuri, tun ba a gama sussuka ba, ina dawowa a makare, wani lokaci sai an yi shuka. Inda samari ke ɗaukar buhu, ni ma ina cusa kaina, ga furfura a gemu. Wata ranar Talata da hantsi, ina hawa katakon da ake jinginawa a jikin mota da buhun wake a kaina, sai na ji wani abu ya ce ƙas a ƙasan bayana. Ban faɗi ba. Na kai buhun na ajiye. Saukowa ce ta gagara, sai da mutum biyu suka riƙe ni.

Na yi wata biyu a kwance a gida. Likita ya ce in na koma ɗaukar kaya, wata rana ɗaukata za a yi. Amma ina kwance ina tunanin damina. In ban koma dako ba babu kuɗin taki, babu na huɗa, gonar da na sayar da komai dominta za ta zama filin wuta-wuta. Da na fara takawa da sanda, na ce wa maiɗakina ta wanke mini kayan tafiya. Ta sa mayafi ta fita. Ashe gidan Baffa ta nufa.

Washegari da safe ya yi sallama. Duk kwanciyar nan yana zuwa duba ni, bai taɓa ɗaga maganar gona ba. Ranar ya ce, "Tashi, mai gona biyu. Raka ni in ga dukiya."

Muka fita a hankali, ni da sanda, shi da ya girme ni da shekara kusan ashirin ba sanda. Rani ne, gonaki fayau, kowa ya fara kai taki. Yana tafe yana nuna mini da haɓa.

"Ka ga wannan? Mai ita yana da rufin asiri. Dubi tsibinsa."

Muka wuce wata babba, tsibi ɗaya nan, ɗaya can kamar an yi rantsuwa.

"Wannan kuma babbar riga ce ba wando. Kowa na gaishe shi a masallaci, matarsa na auno a kasuwa tun kafin ruwa ya sauka."

Muka iso nawa. Babu ko tsibi ɗaya, daga tsohuwar har sabuwar. Ya bi su da kallo daga wannan iyaka zuwa waccan. Muka zauna a gindin gawonsa.

Na ce, "Baffa, tsakani da Allah, kai kana ganin kanka mai arziki?"

Ya ce, "Sosai ma."

"Da gona biyu da jaki?"

"Da gona biyu da jaki. Tun rasuwar mahaifinka sabon gero bai taɓa shiga rumbuna bai tarar da tsoho ba. Ban taɓa auno ba. Na aurar da 'ya'yana ban sayar da ko taku ɗaya na ƙasa ba. In baƙo ya zo ana yanka masa zakara ba a yi shawara ba. Me ya rage?"

Na ce, "Makka fa? Mota fa? Gidan bulo?"

Ya ce, "Makka ina so. In Allah ya kira ni zan je. Mota kuwa ina zan je da ita, bayan gida?" Ya yi dariya har da tari. "Kai ka taɓa tambayar kanka nawa ne zai ishe ka? Ka faɗi adadi, ko na dami ne."

Wallahi ban taɓa sa wa abin iyaka ba. Ƙari kawai na sani.

Ya ce, "Ni na sa wa nawa tun ina da ƙarfi. Na san damin da gidana ke ci, na san na iri, na san na zakka da na 'yan'uwa. Aikin da zai kawo wannan, daga asuba zuwa azahar ya isa, in ƙasa ta ƙoshi. Abin da ke bayan azahar nawa ne. Kuna cewa ni rago ne, ina ji."

Kunya ta kama ni. Na ce, "Wa ya faɗa maka?"

"Garin nan har akuya gulma take. Ba komai. Ni dai ga bayana, ga naka."

Na ce to yanzu ya zan yi, in na saki gonar ai dariya za a yi mini.

Ya ce, "Za a yi. Sati biyu. In kuma aka sauke ka daga mota a kan tabarma, za a ce Allah sarki, shi ma sati biyu. Zaɓi wanda kake so."

Haka yake magana, ba ya shafa mata mai. Amma abin da ya yi bayan nan shi ne ban manta ba. Kafin in yanke shawara, na fito wata safiya na hango jakinsa a tsohuwar gonata. Ya raba takinsa na shekarar gida biyu, yana jera mini rabi. Na san abin da wannan ke nufi a wurinsa, geronsa na bana zai ragu. Na ce, "Baffa, ka bari." Ya ce, "Ba kai nake yi wa ba, gonar yayana ce. Kauce, kana tsaye a inda zan zuba."

Ban koma Kano ba. Na sa aka nemo wani mai shanu daga ƙauyen gaba, wanda ke da garken da zai kwana a gona ya ƙosar da ita, na sayar masa da sabuwar gonar. Ban mayar da abin da na kashe ba, don wuta-wuta ta rage mata daraja, kuma mutumin yana da ido. An yi dariyar. Masu ce mini Alhaji suka koma ce mini tsohon Alhaji. Ta fi sati biyu, a nan Baffa bai faɗi daidai ba.

Shanu sun fi ƙarfin abin da ya rage. Awaki muka je saya, ni da shi, ranar kasuwar Ɗambatta. Ina nuna masu sheƙi, yana ture hannuna. Ya zaɓo wata ja mai karyayyen ƙaho, mummuna, tana ta cin igiyar maƙwabciyarta.

Na ce, "Wannan kuma me za a yi da ita?"

Ya ce, "Ba aurenta za ka yi ba. Ka ga yadda take ci? Mai ci ita ke cika turke."

Muka koro guda huɗu zuwa gida.

Yanzu damina uku ke nan. Gona ɗaya nake nomawa, wuta-wutar tana ja da baya kaɗan-kaɗan, ba ta tafi duka ba. Hatsina bai kai ni sabuwar kaka ba tukuna, bara sai da na auno na wata guda. Ciwon bayan yana nan yana tuna mini da kansa duk safiya. Ba zan ce na zama irin Baffa ba. Shi zuciyarsa a kwance take, ni tawa har yanzu takan tashi. Idan na bi ta gefen waccan gonar na ga dawar mai shanu ta fi ni tsawo, sai na kau da kai. Idan kaka ta wuce, motar 'yan cin rani ta tsaya a bakin titi, abokan dakona suna leƙowa ta taga suna cewa in zo mu tafi, ƙafata takan yi ƙaiƙayi. Bana har na taka zuwa bakin motar. Na gaisa da su, na ba da saƙon gaisuwa wurin Alhaji mai sito uku, aka ce ai yanzu huɗu ne, kuma yana nan yana lallaɓawa. Direba ya ce, "Baba, za ka shiga ne ko in ja?" Na ce ya ja.