Jarkar da na ɓoye wa likita

A lokacin ina manomin tumatir a bakin kwatar ruwa ta wajen Bunkure. Karatuna bai wuce firamare ba, amma na sha Fulatanci a nonon mahaifiyata, shi ya sa ƙaramin asibitin garinmu ke aiko mini duk ranar da aka kawo wanda ba ya jin Hausa. Suna ce mini Malam Tafinta, ni kuwa har tafiyata ta sauya.

Wani rani makiyaya suka sauka kusa da gonata daga gabas. Ɗaya daga cikinsu, dattijo mai kawaici, ya roƙe ni jarkar maganin feshi da na gama da ita, wai matarsa za ta riƙa ɗebo ruwa. Na ba shi, na ce a ɗauraye kawai. Washegari aka kira ni asibiti, na tarar da matar kwance tana amai, yawu na zuba, jikinta na rawa. Likitar ta ce in tambayi abin da matar ta ci ko ta sha. Mijin ya dube ni, ya kira ni ɗan'uwa, ya ce in gaya wa likita a jarkar da na ba su ta sha ruwa, kuma tun a lokacin matar ta ce yana wari. Na ji kowace kalma. Sai na tuna da bakin mutanen gari, na juya na ce wa likita ya ce fura ta sha. Ta sake tambaya ko ba ta taɓa wani magani ba. Na ƙi mayar masa da tambayar, na ce babu. Aka ɗaura mata ruwa a matsayin mai amai da gudawa. Ba ta kai la'asar ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne godiyarsa. Ya riƙe hannuna ya ce ya san na isar da maganarsa, kwana ne ya ƙare. Duk ranin da ya dawo sai ya aiko mini da nono, ni kuwa in ba maƙwabta, don ba ya wuce mini maƙoshi.

Ku masu tsayawa tsakanin marar lafiya da likita, maganar da aka sa muku a baki amana ce. Kada ku rage, kada ku gyara. In kuna da hannu a lamarin, ku faɗa, a nemo wani. Ni na tsare sunana, ga shi yana nan lafiya lau, ita kuwa tana ƙasa.