Shegen Littafi

Ban taɓa mantawa da ranar Larabar da Baturen ilimi ya iso Isa don ya rufe mini ɗakin karatu ba, kuma ba kowa ya jawo mini ba sai alƙalamina. Ku da kuke wannan aiki yanzu, ku matso ku ji, don irin kuskuren nan bai tsufa ba.

A ƙarshe-ƙarshen mulkin Turawa ne. En'e, wato hukumar sarki, ta gina ɗaki guda na laka kusa da kasuwa, anka sa benci uku da tebur, anka ce ni ne malamin ɗakin karatu. Muƙamin ƙasa yake da na malamin makaranta, amma ni a lokacin gani nake ko hakimi sai dai ya nuna mini rawani. Aikina shi ne in karɓi akwatin littattafai daga Sakkwato, in ba wanda ya iya boko aro, wanda bai iya ba in karanta masa bayan La'asar. Sau ɗaya a wata in ɗora akwatin bisa jaki in kai Sabon Birni, in yi kwana biyu in dawo. Ƙarshen wata in rubuta rahoto, ya bi ta ofishin hakimi ya isa ga Baturen ilimi na lardi, wanda muke kira Mai Lofe don ba ka raba bakinsa da lofe.

Matsalar ita ce ba mai zuwa. To, me za su zo ji? Yadda ake noman auduga, yadda ake haƙa shadda, wato masai, yadda ake korar sauro. Mutanen da kakanninsu ke noma tun kafin a ci Alkalawa, su za ka zaunar ka karanta wa yadda ake riƙe hauya? Kaji sun fi mutane shiga ɗakin nan. Mai Lofe ya riga ya gargaɗe ni a rubuce cewa in abin bai canza ba zai rufe ɗakin, ni kuma in nemi abin yi. Ga shi ban daɗe da yin aure ba, mahaifina kuma dama cewa yake boko ba ya ciyar da mutum. Ba rashin aikin ne ya fi damuna ba, irin kallon da tsoho zai yi mini in na koma gida.

Bayan girbin gero sai sabon akwati ya zo, a ƙasansa da wani ɗan siririn littafi. Labarin wani ƙaramin gari ne da ba a faɗi sunansa ba, mai tsohuwar marina da anka daina aiki da ita. Da tsakar rana sai ka ji an kira sunanka daga wajen rijiyoyin marinar, da muryar wanda ka sani. In ka ce na'am ba tare da ka ga mai kiran ba, shi ke nan, kafin kwana uku an rasa ka, sai kuma a ji muryarka tana kiran wani.

Ranar da na fara karanta shi mutum uku ne a gabana. Akwai Alhaji Nomau, bafatake mai kai goro ƙasar Faransi, wato Nijar ta yanzu, ya dawo da kanwa, wanda inuwa kawai ta kawo shi. Akwai Jabbi, Bafulatanin da ke jiran matarsa ta gama sayar da nono. Sai Inna Tumba mai fura, da ke zama a ƙarƙashin tagarmu tana cewa ita ba ruwanta da karatun Nasara. Ban kai shafi na biyar ba Alhaji ya janyo ƙafafunsa bisa benci. Da na kai inda anka kira sunan wata yarinya, na ce mu tsaya nan sai gobe, Inna Tumba ta leƙo ta taga.

"Wace irin gobe? Kai yaro, ba ka da tausayi? Yarinyar ga ta amsa ko ba ta amsa ba?"

Washegari benci uku sun cika. Kafin mako ya zagayo sai da na fito da tebur waje, mutane har bakin rumfar mahauta. Na karanta shi na sake karantawa har na kusa haddace shi. Gardama kuwa ba a magana. Mutanen Isa sunka rantse garin labarin Sabon Birni ne, don sun san wata tsohuwar marina a can. Da na kai shi Sabon Birni, su kuma sunka ce ai ko makaho ya san Isa ake nufi. Jabbi ya ce duk ƙarya suke, kufan Alkalawa ne, don shanunsa ba su taɓa yarda su yi kiwo a wani kwari da ke can ba. In na ce musu ƙagaggen labari ne, sai su dube ni da tausayi, su ce abin da anka buga da inji ai ba tatsuniya ba ne. Har ta kai a Isa in ka kira mutum daga bayan katanga ba zai amsa ba sai ya ga fuskarka. Matata ma ta yi mini haka sau biyu.

Ana cikin haka takarda ta zo daga Mai Lofe. Yana son ra'ayin masu karatu kan kowane littafi na cikin akwati. Umurnin a fili yake: a rubuta abin da mutum ya faɗa da bakinsa, kada a ƙara, kada a rage. Ni kuwa ɗan bin doka, na fere fensir na zauna.

Na ɗaga littafin auduga, Alhaji Nomau ya ce, "Ba laihi. Allah shi saka ma wanda ya rubuta." Na shadda, "Madalla, an gode." Na sauro, "To, ba laihi." Haka kowa ya yi ta faɗa, ni kuma ina rubutawa. Da na ɗaga ɗan siririn nan sai wuri ya kaure.

Alhaji ya buga cinya ya ce, "Kai, shegen littahi! Ban taɓa ganin ɗan banzan littahi irin wanga ba."

Jabbi ya ce, "Mugu na. Ya hana ni bin hanyar rafi ni kaɗai."

Inna Tumba ta ce, "Rubuta, Allah ya isa tsakanina da mai littahin ga. Jiya ƙanwata ta yi ta kirana, fura ta ƙare mata a gida, na yi kunnen uwar shegu."

Na rubuta duka, tsaf, na sa a ambulan ina murna. A raina na ce yau Bature zai san Isa ta farka.

Bayan mako biyu amsa ta zo. Na buɗe na karanta. Ya mayar mini da rahotona, ya ja layi da jan tawada ƙarƙashin shege, da mugu, da ɗan banza, da Allah ya isa. Ya ce ya yi baƙin ciki. Littattafan da mutane sunka yaba, rajista ta nuna ba mai aronsu. Wanda suke saurara kuma sun tsine masa, har wata dattijuwa ta kai ƙara ga Allah. Saboda haka ɗakin ba ya amfanin kowa, ran Laraba zai zo rangadi ya tafi da akwati.

Kun ga, Mai Lofe ya ji Hausa, ya ci jarrabawarta ma. Amma Hausar ƙamus ya sani. Ni kuma da na san ta kasuwa, ban ƙara ko layi ɗaya na bayani ba, don an ce kada a ƙara. Wallahi kwana biyu tuwo bai yi mini daɗi ba. Na faɗa wa Alhaji, ya saurara, ya ce in ba shi aron littafin. Na ba shi, na rubuta sunansa a rajista kamar yadda doka ta ce.

Ran Laraba bayan Azahar motarsa kitika ta tsaya ƙofar ɗakin. Ya shigo, na zube na yi gaisuwa. Ya buɗe akwati yana duba littattafai ɗaya-ɗaya, duk sababbi fil, wasu ko shafinsu ba a raba ba.

"Malam Garba, saura ɗaya."

"Ranka ya daɗe, yana hannun mai aro."

Ya duba rajista ya ga sunan. Na ce masa mutumin yana waje, don jama'ar La'asar sun fara taruwa. Shi kuwa bai fita ba, daga inda yake tsaye a bayan ƙyaure ya ɗaga murya.

"Alhaji Nomau!"

Surutun waje ya ɗauke ɗif.

"Alhaji Nomau!"

Ko tari babu. Na leƙa ta taga, na ga Alhaji ya ƙame, idanu waje, leɓunansa na motsi da addu'a. Jabbi ya riƙe sanda da hannu biyu. Da Bature ya yi kira na uku, sai muryar Inna Tumba ta tashi.

"Alhaji, don girman Allah kada ka amsa! Muryar ga ba ta mutanen garin ga ba ta!"

Mai Lofe ya fito fuska ja, yana tsammanin raini ne. Alhaji na ganinsa ya sauke ajiyar zuciya ya durƙusa.

"Ranka shi daɗe, ashe kai na! Na'am, na'am, na'am. Ga ukun duka na biya."

Jama'a sunka fashe da dariya. Ni kuma na samu bakin magana, na bayyana masa abin da ke cikin labarin da yadda ya hana garin amsa kira. Ya cire lofe daga bakinsa, karo na farko da na ga haka. Alhaji ya zaro littafin daga aljihun riga. Ashe wajen baduku ya kai shi, anka ɗinke masa bango da jar fata, don na takardar ya mutu da yawan hannu.

Bature ya juya shi ya ce, "Alhaji, kai ka ce shege ne."

"Shege na kuwa, ranka shi daɗe."

"To, don me ka yi masa riga?"

Alhaji ya dube ni kamar ya ce wanga bawan Allah lafiya yake? Sannan ya gyara zama.

"Ranka shi daɗe, in ƙaramin ɗan kokawa ya ɗauki ƙato ya nana da ƙasa, mi muka cewa? Shegen yaro! Ubanai na tsaye shina jin daɗi. Waɗancan na cikin akwati baƙi na, shi ya sa munka gaishe su da mutunci, munka bar su inda suke. Wanga ko ɗan gida na. Ai wanda ka so shi kaka zagi."

"To, wadda ta ce Allah ya isa fa?"

Inna Tumba ta ce, "Ni ta. Kuma in ka tahi da shi, kai ma za ni yi maka."

Mai Lofe ya yi dariya har da tari. Ya zauna bisa benci tsakanin Jabbi da wani mahauci, ya ce in karanta. Na karanta babi guda, ina satar kallonsa. Shi ba littafin yake kallo ba, fuskokin mutane yake bi. Da na rufe, ya karɓi takardarsa ta rufe ɗaki daga hannuna ya ninke ya sa aljihu. Ya ce akwati ya zauna, kuma zai aiko da wani kwafin don Sabon Birni su daina jiran jakina. Ni kuma ya ce daga yau in rubuta abin da anka faɗa, sannan a ƙasa in rubuta abin da ake nufi. Daɗi ya kama ni, na zube na yi godiya.

Ya sa ƙafa cikin mota ke nan, Alhaji ya girgiza kai ya faɗa da ƙarfi, kowa na ji:

"Kai, shegen Bature!"

A raina na ce shi ke nan, an gyara an ɓata. Mai Lofe ya tsaya, ya juyo a hankali, ya cire hularsa.

"Na gode, Alhaji."

Na yi shekaru masu yawa a wannan aiki bayan ranar, kuma abin da ta koya mini shi ne mutanenmu ba su kushe abu a gaban mai shi, kunya ba ta bari. In kana son gaskiyar ra'ayinsu, dubi littafin da bangonsa ya mutu, ka saurari wanda ake zagi ana dariya. Saboda haka in mai karatu ya maido muku da littafi ya ce shege ne, ku nemo masa ɗan'uwansa. In kuwa ya miƙo shi da hannu biyu ya ce ba laifi, Allah ya saka, to ku tabbata ko buɗe shi bai yi ba.