Yini Ɗaya a Fada, Ban Ci Ba Ban Kwana Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai, tsira da aminci su tabbata ga Annabinsa. Bayan haka, ga labarin tafiyar da na yi daga Birnin Kudu zuwa fadar wani sarki a ƙasar Gwaram. Na rubuta shi ne saboda 'yan'uwa da ɗalibai da suka dame ni da tambaya. Sunan sarkin da na garinsa na bar su a cikina, don 'ya'yansa suna raye, kuma muna gaisawa.

Shiri

Da kaka ne, ana cikin yankan dawa, manzon sarkin nan ya yi sallama a zaurena, ya ce sarki ya ji labarin karatuna yana son ganina. Na ba shi ruwa, na ce na ji.

A fadar nan akwai wata al'ada da kowa ya sani. Malamin da sarki ya kira, in ya ci tuwon fada ya kwana a masaukin sarki, da safe sai a kawo masa riga da rawani, ya zama malamin fada ke nan. Ba mai ɗaure shi, ba mai tsare shi, amma ba ya komowa. Haka aka yi da Malam Idi, wanda muka yi karatu zaure ɗaya da shi. Ya ce mana zai je ya gaisa ya dawo. Makarantarsa ta watse, zaurensa yau awaki ke kwana a ciki.

Ni kuwa ina da makarantar da na gada daga mahaifina, ga Inna ta tsufa idonta ya yi rauni, ba ta da kowa sai ni. Ƙin zuwa kuma ba dama, don ƙanin mahaifina da iyalinsa a ƙasar sarkin nan suke noma, in ya yi fushi su zai fara taɓawa.

Na shiga wurin Inna na gaya mata. Ta ce, "Ubanka an kira shi fada shi ma. Ya je, ya dawo da rigar da ya tafi da ita."

Na ce, "Ni ma haka zan yi, Inna, in Allah ya yarda."

Ga yadda na shirya. Zan tafi ran Alhamis, in ɗauki azumin nafila, don a wurinmu wanda ya fara azumi ba ya karya shi haka kawai, kuma ba sarkin da zai ce masa ya karya. Zan isa kafin azahar, in gaisa, in fito tun rana na sama, kafin a rufe ƙofar gari. A shekarun nan mahara na saukowa daga duwatsun kudu, saboda haka kowane gari da magariba yake rufe ƙofa, wanda ke ciki ya kwana ciki.

Abokin tafiya kuwa na nemi Tanko, taubashina, ɗan kawuna. Falke ne, yana kai kanwa har Fagam, ya san hanyar kamar tsakar gidansu. Da na gaya masa sharaɗi, cewa ko ruwan fada ba zai sha ba, sai ya dafe kai.

"Kai da azumi, ni da me?"

"Kai da ƙuli-ƙuli da goran ruwanka."

"Wato a kai ni bakin tukunyar sarki a ce in shaƙi ƙamshi in taho. Malam, karatun nan dai ya taɓa maka kai."

"Za ka ko ba za ka ba?"

"Zan je mana. Wa zai ɗauko ka in ka faɗi a hanya?"

Daga Birnin Kudu zuwa Surko

Na yi sahur da ɗumame, muka yi sallar asuba, na ɗaura wa jakina buzu da buta, muka nufi ƙofar gari. Mai tsaron ƙofa bai gama zare sakata ba muka iso. Ya haska mu da bakin wuta ya ce, "Malam, ina zuwa da duhun nan?" Na ce fada za ni, kuma yau zan dawo. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Haka Malam Idi ya ce mini, a nan inda kake tsaye." Na ce masa ni ba Malam Idi ba ne, ya buɗe.

Muka bi ta gindin duwatsu, ni a kan jaki, Tanko a ƙasa da sandarsa. Raɓa ta jiƙa mana ƙafa sharkaf. Rana na fitowa muka shiga Surko, mutane na fita gona da magirbi. A bakin hanya wata Bafillatana ta sauke ƙwarya, Tanko ya sayi fura ta wuri goma, ya tsuguna daidai gaban jakina yana kurɓa da ƙarfi don in ji.

"Malam, nonon nan har da mai a kai. Allah ya ba ka ladan azumi, ni ya ba ni wannan."

Na juya baya na ci gaba da lazimi.

Kogi da iyaka

Da hantsi muka isa kogi. Ruwa ya ja baya, iyakarsa gwiwa, ba mu nemi masu fito ba. Jakin ya turje a tsakiya, sai da Tanko ya tura shi da kafaɗa yana yi masa kirari irin na zagi. A ƙetare akwai wata rumfa da mutanen sarki ke zama suna karɓar kuɗin hanya daga fatake. Da suka ji ni ne malamin da aka kira, suka ƙi karɓar komai, babbansu ya ce, "Baƙon sarki ba ya biya." Na ƙirga abin da kowa ke biya na ajiye masa a kan tabarma. Ya dube ni, ya dubi Tanko. Tanko ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Kada ka dube ni, ni ma haka nake fama da shi."

Daga nan hanya ta miƙe tsakanin gonaki da kukoki. Rana ta fara cizo, maƙogwarona ya bushe, amma zuciyata ƙalau. Kafin rana ta tsaya muka hango ganuwa.

A fada

Fadar nan ta ginu, wannan ba zan ɓoye ba. Soro bayan soro, an yi wa bango zane an shafe da makuba, sanyi kamar cikin randa. Muka tuɓe takalma tun a soron farko. Wani dogon bafade, shi ne Shamaki mai kula da barga, ya karɓi igiyar jakina ya miƙa wa mutanensa, ya kai mu wani ɗaki ya shimfiɗa mana darduma.

Ba mu gama zama ba aka shigo da akusa. Tuwon shinkafa, naman rago, fura da zuma. Na ce, "Allah ya saka wa sarki da alheri, ina azumi." Shamaki ya juya wajen Tanko. Na ga maƙoshin Tanko ya motsa, amma ya ciro ƙuli-ƙulinsa ya ce, "Ni kuma cikina ne ke ciwo, sai wannan yake karɓa." Allah ya yi wa Tanko albarka, ban san yana da wannan ƙarfin ba.

Na ce a sanar da sarki na iso. Aka ce sarki na shari'a. Muka yi azahar, aka ce sarki ya shiga gida.

Sai ga Malam Idi. Ya yi ƙiba, ya yi fari, riga a kan riga. Muka rungumi juna. Ya tambaye ni mutanen unguwarsu ɗaya bayan ɗaya, da wanda ya mutu da wanda ya yi aure, har na ga idonsa ya kawo ruwa. Sannan ya buɗe gafaka ya ciro wani littafi na fiƙihu, wanda mahaifina ya mutu yana begen gani. Rubutun Barno ne, tawada baƙa da ja, gefe cike da sharhi.

Ya ce, "Sarki ya ce ka duba kafin ya fito."

Abinci bai girgiza ni ba, amma wannan ya kama ni. Na buɗe babin farko, na shiga na biyu. Na tarar da amsar wata mas'ala da muka shekara muna gardama a kanta. Na manta yunwa, na manta ƙishirwa, na manta inda nake. Aka kira la'asar muka yi, na koma kan littafi.

Sandar Tanko ce ta zungure ni a haƙarƙari.

"Taubashi, ɗaga kai ka dubi rana. Ni na bar naman rago saboda kai, kai kuma za su kama ka da takarda?"

Na leƙa waje. Inuwar katanga ta cinye tsakar gida, rana ta yi ja. Na dubi Malam Idi, ya sunkuyar da kai. Na rufe littafin na miƙa masa da hannu biyu, na miƙe na ce wa Shamaki da ƙarfi, yadda na soron ciki za su ji, "A gaya wa sarki an kira ni na amsa. In ba zai fito ba, ga gaisuwata nan na bar masa, na kama hanya."

Nan take sarki ya samu damar fitowa.

Gaban sarki

Dattijo ne mai hankali, muryarsa ƙasa-ƙasa. Na zauna na gaishe shi gaisuwar Musulunci, ban zuba ƙasa a ka ba. Fadawa suka yi gunaguni, ya ɗaga musu hannu.

Ya ce, "Malam, littafin ya yi maka?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban taɓa ganin kamarsa ba."

"To ka kwana ka ƙarasa shi. Rana ta tafi, ka sha ruwa tare da mu. Hanya akwai kuraye, akwai waɗanda suka fi kuraye."

"Ranka ya daɗe, ina da tsohuwa, ina da makaranta. Kira ka yi na zo. Addu'a kake so, zan yi maka daga zaurena, Allah yana ji daga can. Amma kwana, ba zan kwana ba."

Sai Shamaki ya matso ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, ai maganar ta ƙare. Gidan malam ya riga ya ci abincin fada. Jakinsa tun azahar yake kan dawar sarki, ya ci harawa, ya sha ruwan barga. Abin da dabbar mutum ta ci, mutum ne ya ci."

Fadawa suka ɗauka gaba ɗaya, "Gaskiya ne! Ya ci, ya ci!"

Na shirya wa cikina, na shirya wa cikin Tanko, ashe akwai ciki na uku da ban tuna da shi ba. Jakin nan kuwa shi ke nan gare ni, shi ke ɗauko mana itace da hatsi. Na dubi sarki na ce, "Ranka ya daɗe, al'adarku ita ce wanda ya ci shi ke zama. To jakin ne ya ci. Na bar muku shi, halak malak. Ni da ban ci ba zan tafi da ƙafata."

Wani bafade ya zabura ya ce, "Kai malam, a gaban sarki?" Sarki ya zuba mini ido. Can sai na ga rawaninsa na rawa, ashe dariya yake dannewa. Ya ce, "Ku bar shi. Wanda zai bar jakinsa don kada ya ci tuwona, in na riƙe shi ma ba zai yi mini amfani ba. Malam, baffanka da iyalinsa su yi nomansu, ba abin da zai same su. Amma ƙofata ba ta jiran kowa."

Na ce, "Ba sai ta jira ba." Muka tashi.

Komowa

Tanko ya saɓa buzu, na ɗauki buta, muka ratsa gari da sauri, ni da ban taɓa gudu ba tun ina yaro. Mun iso an riga an tura ƙyaure ɗaya. Tanko ya sa sandarsa a tsakani ya ce, "Tsaya, bawan Allah, akwai sauran mahaukata biyu." Muka fita ta gefe, aka rufe a bayanmu.

A bakin wani rafi rana ta faɗi. Na durƙusa na sha da tafin hannu, Tanko ya gutsura mini ragowar ƙuli-ƙulinsa, muka yi magariba a kan yashi. Ƙafata ta kumbura tun kafin mu ƙetare kogi, don ban saba ba. Ba mu iya kaiwa gida a ranar ba. A Surko wani manomi ya gan mu muna ɗingishi, ya buɗe mana zaure, ya kawo tuwon dawa da miyar kuka. Wannan na ci har na suɗe hannu.

Ran Juma'a da hantsi muka shiga Birnin Kudu. Ɗalibai suna zaune a ƙofar zaure, kowa ya yi jugum, wasu har sun fara shawarar inda za su koma. Da suka hango ni suka taso da gudu. Na ce kowa ya ɗauko allonsa gobe da asuba, karatu na nan inda muka tsaya.

Na shiga wurin Inna na durƙusa. Ta lalubo kaina ta shafa, ta ce, "Ban ji kukan jaki ba. Ina ka baro shi?"

Tanko ya leƙo daga bakin ƙofa ya ce, "Gwaggo, ai ya sami aiki a fada. Yau da safe za a naɗa masa rawani."

Inna ta yi dariya har ta riƙe ciki, sannan ta ce, "To itace fa?"

Na ce, "Ina da kai, Inna, zan ɗauko."

Haka kuwa aka yi, duk ranin nan a kaina na yi ta ɗauko itace, ban kuma ji nauyinsa ba. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya komo da ni. Allah ya saka wa Tanko, ya saka wa manomin Surko, ya jiƙan sarkin nan, ya kuma buɗe wa Malam Idi hanyar gida. Amin.